Bayit Bakwai, Bayit Goma Sha Biyu

Litinin, da hantsi

Yau ni na buɗe shago. Ashe ƙofar sai an tallafe ta da gwiwa kafin ta buɗe. Ban taɓa sani ba, don kullum a buɗe nake tarar da ita.

Teburin Yaya yana nan yadda ya bar shi ranar Asabar ɗin can da ɓarin jikinsa ya shanye: kofin shayi, tabarau, da fanel, wato ɗan farantin lantarkin da ya gama haɗawa. Na wanke kofin. Sauran ban taɓa ba.

Dogo, mai rubuta mana manhajar kwamfutar ofis, ya shigo yana duƙar da kai saboda dokin ƙofa. Ya ce, "Auta, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Bai ƙara tambaya ba, Allah ya saka masa.

Ga aikin da ke gabana. Shekarun baya Yaya ya ƙera wa Mai Kandami, matar nan mai gonar kifi, ƙananan ma'aunai da ke yawo a kan ruwa. Kowanne yana aiko da saƙo ta rediyo: lambar kandami, yawan iskar da ke cikin ruwa, da zafinsa. Tsohon akwatin da ke karɓar saƙon nunawa kawai yake yi, sai mai gadi ya gani ya ruga ya kunna injin kaɗa ruwa. Idan bai gani ba, karfasa ta shaƙe. Sabon akwatin da kansa zai kunna injin. Yaya ya yi mata alkawari kafin zafi ya tsananta. Ya haɗa fanel da sabuwar ayisi, ƙwaƙwalwar akwatin ke nan, wadda ta fi tsohuwar ƙarfi nesa ba kusa ba. Saura manhajar ciki.

Ba zan yi wa littafina ƙarya ba, zumuɗi nake yi. Tunda na dawo daga karatu gefe-gefen aiki ake ba ni. Yau ga shi gaba ɗaya a hannuna. Na san ba haka na so ya zo ba. Amma hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Talata, bayan azahar

Akwatin ya ji saƙo. Na jefa ma'aunin gwaji cikin bokiti, fitila ta ƙifta, lambobi suka fito. Na yi tsalle har na ture kujera.

Sai na karanta lambobin. Lambar kandami daidai. Iska kuwa wata lamba ce da ta cika allon har ta zubo. Zafin ruwa, sifili.

Dogo ya leƙo ya ce, "To, kifin nan sun ji daɗi. Iska kamar a saman dutse, ruwa kuma ƙanƙara."

Na ɗauko tsohon akwati na jona. Komai lafiya lau. Saƙo ɗaya ne, ma'auni ɗaya, bokiti ɗaya. Rubutun karɓar saƙon ma na Yaya ne, kwafo shi na yi, ko wasali ban canza ba.

Laraba, da yamma

Na biya ta gidan Yaya. An dawo da shi falo, kusa da taga. Anti, matarsa, ta tare ni tun daga ƙofa ta ce, "Auta, ban da zancen aiki. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Yana koyon riƙe cokali da hagu. Na ba shi labarin kyanwar da ta haihu a bayan shago. Ya kalli yatsuna, inda tawadar alƙalamin maka ta ɓata, ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar da fuskarsa taga.

Umma ta kira ni a hanya. Na ce da sauƙi.

Alhamis, da hantsi

Na gano shi. Bari in rubuta tun yana da zafi.

Saƙon Yaya gida uku ne, kuma da bayit ake auna su, wato 'yan kujerun da na'ura ke zaunar da lambobi. Lambar kandami bayit ɗaya, iska bayit huɗu, zafi bayit biyu. Bakwai ke nan, ko ɗan firamare ya sani. Haka kawai na ce wa sabon akwati ya faɗa min girman saƙon a wurinsa. Ya ce goma sha biyu.

Na sake karanta lambar. Daga ina biyar suka fito?

Kampaila ce. Ita ce manhajar da ke juya abin da muka rubuta zuwa yaren da ayisi ke ji, kuma kowace irin ayisi da tata. Tsohuwar kampailar Yaya cusa kaya take yi kamar kwandastan bas, kafaɗa da kafaɗa, ba ta barin gurbi. Sabuwar kuwa 'yar gayu ce. A wurinta lamba mai bayit huɗu ba ta zama sai a adireshin da huɗu ke raba shi, wato lambar kujerarta in an fara ƙirga daga sifili. Don haka bayan lambar kandami sai ta bar kujera uku babu kowa, sannan ta zaunar da iska. A ƙarshe ta ƙara biyu don saƙo na gaba ya faro daidai. Ba ta gaya wa kowa ba. Saƙo ya iso a cushe, akwati ya tsallake uku, ya kwashi wutsiyar iska ya haɗa da zafi da wani tarkace, ya ce ga iskarki.

Na bayyana wa Dogo da murafan kwalba a kan tebur. Ya ce, "Wato rubutu ɗaya, malamai biyu, fassara biyu."

Na ce, "Kuma kowanne yana da gaskiya."

Na juya zan ce wa Yaya ya zo ya gani. Sai na tuna, na koma kan aikina.

Juma'a, da yamma

Akwai kalmar da ake rubuta wa kampaila a ce mata ta matse kayan, kada ta bar gurbi. Na rubuta. Goma sha biyu ta koma bakwai. Iskar bokiti ta fito daidai da ta tsohon akwati, zafi ma haka. Na sa yatsa a ruwan don in tabbatar, kamar yatsana ya fi na'ura.

Sai Dogo ya ɗora rubutun a kan tasa kampailar, ta kwamfutar ofis. Ta ce ba ta san kalmar ba. Ita da tata kalmar, kuma a wani wuri daban ake sa ta. Tsohuwar Yaya kuwa ba ta ce uffan ba, ta wuce ta kai kamar ba ta gani ba. Kampaila uku, hali uku. Na buɗe fayil guda na rubuta: in wannan ce, a ce mata kaza, in waccan ce, kaza. Duka ukun suka amsa bakwai.

Mun sha lemo a kan wannan. Dogo ya ce da Yaya yana nan da ya ce an yi asarar lemo tun ba a je gona ba. Muka yi dariya, sai dariyar ta tsaya ita kaɗai.

Lahadi, bayan la'asar

Da ban faɗa ba.

Anti ta shiga kicin, ni kuma abin yana cina. Na matsa kusa na raɗa masa duka: bakwai, goma sha biyu, kujerun banza. Idonsa ya buɗe. Rabon da in ga wannan kallon tun kafin ranar. Gefen bakinsa mai motsi har ya fara murmushi. Sai na ce, "Na gyara, Yaya. Na ce mata ta matse."

Fuskarsa ta canza. Ya ɗaga hagunsa yana nuna min yatsu, ya bugi hannun kujera, ya sake nunawa. Yana ta "hu, hu," maganar ta ƙi fita. Jijiyar wuyansa ta tashi. Kofin ruwa ya faɗi.

Anti ta fito da gudu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ki. Ɗauki jakarki."

Na sani, aikinsa ne. Shi ya rubuta, ni kuma na shiga ina yi masa kwaskwarima yana zaune ba ya iya cewa komai. Ko ni ce zan ji haushi.

Litinin, da safe

Ban je gidan ba. Na aika da saƙon gaisuwa, an karanta, ba a amsa ba.

Laraba, da rana

Mai Kandami ta kira. Ba ta iya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Ya jikin yayan naki?" Kafin in gama cewa da sauƙi ta ce, "Jiya da asuba na kwashe matattun kifi a kandami na shida. Mai gadi yana can ɗaya gefen. Ban ga laifinsa ba, ƙafa biyu gare shi. Yaushe akwatin zai zo?"

Na ce jibi.

Ta ce, "Wani kamfani yana ta yi min zarya. Ban saurare su ba saboda yayanki. Ke ban san ki ba tukuna."

Na ce za ta san ni. Da na ajiye wayar na ji kunyar bakina, amma har yanzu daɗin maganar nake ji. Akwatin yana kan tebur tun Juma'a yana karanta bokiti, ko tari bai yi ba.

Juma'a, da magariba

Akwatin ya mutu a gabanta.

Mun ɗaura shi a ɗakin injin, rana tana dukan kwano, warin abincin kifi ya cika ko'ina. Kandami na ɗaya ya fito daidai. Na biyu daidai. Ina ta washe baki. Da saƙon babban kandami ya shigo, allon ya ɗauke, fitila ta tsaya cak. Na kashe na kunna. Ɗaya, biyu, babban kandami, shiru.

Mai Kandami ta harɗe hannu ta ce, "Tsohon dai ba ya suma."

Dogo ya mayar da tsohon akwati wurinsa. A mota bai yi ko barkwanci ɗaya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Asabar, da hantsi

Huɗu.

Huɗu yake cewa. Yatsu huɗu ya nuna min.

Babban kandami ma'auni biyu gare shi, don haka akwati yana fitar da matsakaicinsu. A shago ma'auni ɗaya nake da shi a bokiti, wannan sashen bai taɓa aiki ba. Shi sashen, adireshin iska ake miƙa masa, ya je ya ɗauko bayit huɗun a ɗauka ɗaya. To na matse kayan, iska ta koma zama a adireshin da huɗu ba ya raba shi. Kwamfutata tana haƙuri da irin wannan, ta ɗauko a hankali. Wannan ayisin ba ta haƙuri. A miƙa mata karkataccen adireshi, ta faɗi sumammiya. Kujerun da na raina, ashe kampaila don ita ta bar su.

Shi ya zaɓi ayisin, ya san halinta. Ba haushi yake ji ba. Yana ganina zan faɗa rami, yana ta kira, ni kuma na ɗauki jakata na tafi.

Na shiga banɗakin shago na ɗan jima. Da na fito Dogo ya yi kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Lahadi, da yamma

Na je ba tare da na kira ba. Anti tana shanya a tsakar gida. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri. Amma ba faɗa yake yi min ba ranar nan. Gargaɗi ne, kuma ya yi gaskiya."

Ta ci gaba da matse zanen gado. Can ta ce, "Tun ranar ya ƙi yin atisayen baki. Mai gashin jiki daga asibiti ta zo ta nuna masa hoton ƙwallo ta ce ya faɗi sunansa, ya juya mata ƙeya. Kullum ƙofa yake nuna min."

Sai ta gaya min abin da likita ya ce game da hannun damansa. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ta share fuskarta da gefen mayafi ta ce, "Shiga. In na ji kofi ya faɗi, ke da gidan nan sai a hoto."

Na durƙusa gabansa na ce, "Yaya, huɗu. Na gane. Ta suma a gona."

Ya rufe ido, ya saki wani dogon numfashi. Sannan ya ɗaga hagunsa ya ɗan dungure min kai, kamar yadda yake yi tun ina ƙarama.

Na ce to yaya za a yi? A bar gurbi, saƙon ma'aunai bai dace ba. A matse, ayisi ta suma. Ma'aunan kuma suna cikin ruwa an like su, ba za a canza su ba. Ya nuna jakata. Murafan kwalbar nan suna ciki. Na jera bakwai a kan faranti. Ya ɗauki ɗaya da hagu, a hankali, ya ajiye a kan tebur. Ya bar tazara. Ya ɗauki na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su. Sannan biyun ƙarshe.

Na ce, "Kada in ɗora saƙon a kan tsarin gidajen nan uku kai tsaye. In kwashe shi bayit-bayit da hannuna, in gina kowace lamba, kampaila ta zaunar da ita inda take so."

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Na yi tunanin haka tun farko, na ga kamar aikin ƙauye ne."

Ya yi wani sauti. Dariya ce. Ta fito a karkace amma dariya ce. Anti ta leƙo daga ƙofa da kwando a hannu, ta tsaya tana kallonsa.

Talata, da rana

Aiki yana gudu kamar ruwa a gangare. Yanzu babu ruwan saƙon da halin kowace kampaila. Na goge kalmar matsewa gaba ɗaya. Wuri ɗaya ne ya rage da dole sai an roƙi kampaila, wato rumbun da rediyo ke zuba saƙo, wanda dole ya faro a adireshi mai rabuwa da huɗu. Nan ma kowacce da kalmarta, sai fayil ɗin nan nawa na Juma'a ya yi rana.

Na ƙara wani abu nawa na kaina: wani layi da ke auna girma da mazaunin kowane gida tun lokacin juya rubutu. In wata kampaila ta zo gobe da sabon salo, aikin zai ƙi haɗuwa a kan tebur, ta faɗi dalili, ba sai an je gaban kifi ba. Dogo ya gwada lalata tsarin da gangan, layin ya kama shi. Ya sake, ya kama shi. Ya ce, "Kin sa mana ɗan sanda a gida."

Na aro ma'auni na biyu daga gona. Bokiti biyu yanzu.

Laraba, bayan la'asar

Na nuna wa Yaya layin a waya. Ya karanta, ya koma sama ya sake karantawa. Ya ɗaga gira. Wanda ya san Yaya ya san wannan girar ba ta tashi a banza.

Mai gashi ta ce in riƙa kawo irin waɗannan. Ta ajiye hoton ƙwallo. Yau "waya" ya ce, da "fis", duk kayan aikinsa.

Juma'a, da yamma

An ɗaura. Ɗaya, biyu, babban kandami, har na ƙarshe. Na tsaya ina kallon fitilar kamar mai jiran haihuwa. Ba ta tsaya ba.

Mai Kandami ta ce, "Nunawa dai ya nuna. Sai mu ga ranar da iska za ta faɗi."

Na bar tsohon akwati a jone a gefe, ko da wani abu.

Asabar

Shiru.

Lahadi

Shiru. Na duba wayata har Umma ta ce ko miji nake jira.

Talata, da sassafe

Mai Kandami ta kira ina goge baki. Ba sallama, ba komai. Ta ce, "Saurara." Sai na ji ƙarar ruwa, fal-fal-fal, injin yana dukansa.

Ta ce, "Kandami na huɗu. Jiya an wuni da hadari, na san za a yi haka. Mai gadi yana can bakin ƙofa, sai jin inji ya yi ya tashi shi kaɗai, har ya tsorata. Ko kifi ɗaya bai juya ciki ba."

Na tsaya ina saurare, ga kumfa a bakina.

Ta ce, "Ƙanwata tana da gona a ƙetaren kogi, da wasu abokan sana'a biyu. Suna son irinsa. Za ki iya?"

Na ce zan iya. Sai da na ajiye wayar na tuna wanda yake haɗa fanel.

Alhamis, da yamma

Anti ce ta kawo shi da kanta. Dogo ya kama shi suka hau matakalar shago. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon teburinsa. Na miƙa masa tabaransa, ya sa.

Ya kai hagunsa kan ƙarfen narka dalma, ya ɗaga, hannun yana rawa. Ya daɗe yana kallonsa. Babu wanda ya yi motsi a cikinmu. Sai ya juya ƙarfen ya miƙo min ta wajen mariƙin.

Na zauna a kujerarsa, shi ya zauna a tawa. Ya danne fanel ɗin da hagu don kada ya zame. Na ɗora ayisi, na narka dalma a ƙafar farko, ta biyu, ta uku. Zufa tana ɗiga daga hancina. Da na gama layin na ɗago ina jiran girar nan.

Ya jawo fanel ɗin kusa da tabarau. Ya juya shi wajen haske. Bakinsa ya yi ta kokawa, muka jira shi.

Ya ce, "Sake."

Sarai ta fito, kowa ya ji. Anti ta toshe bakinta ta fita waje. Dogo ya ce ai shi tun daga nan yana hango dalmar ta yi tudu kamar gidan tururuwa.

Na sake. Sau uku ya sa na sake. Gobe da safe za ta kawo shi, saura fanel biyu da rabi.